Hawaye da murna a gaban Allah: ina matsayin motsin rai a koyarwar Kirista?

Tambaya: Ni malama ce a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na matasa. Na taso ina jin koyarwa iri biyu. Wasu na cewa bangaskiya ba ruwanta da abin da mutum yake ji a ransa, don zuciya mayaudariya ce. Wasu kuma na cewa in an yi sujada ba ka ji tsigar jikinka ta tashi ba, ba ka zub da hawaye ba, to Ruhu bai sauko ba. Kwanan nan mahaifin wata ɗalibata ya rasu, wani ya ce mata yawan kukanta alamar ƙarancin bangaskiya ne. Ta zo ta tambaye ni, na rasa ta cewa. Me Littafi ya koyar, kuma yaya zan koyar da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Ubangiji kuma ya ta'azantar da yarinyar nan. Tun kafin ki gama karanta doguwar amsata, ki neme ta ki gaya mata cewa wanda ya faɗa mata wannan magana ya yi kuskure, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ki buɗe mata Yahaya sura 11. Yesu yana tsaye kusa da kabarin Li'azaru, ya riga ya gaya wa almajiransa tun a aya ta 11 cewa zai je ya tashe shi, ya riga ya gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Duk taron nan babu wanda ya kai shi sanin yadda labarin zai ƙare. Amma aya ta 35 ta ce ya yi hawaye. In da sanin cewa akwai tashin matattu yana busar da ido, da idonsa ne zai fara bushewa. A aya ta 33 ma, kalmar Helenancin da aka yi amfani da ita wajen faɗin yadda ransa ya motsa, kalma ce da a wasu rubuce-rubucen Helenawa ake faɗa wa hucin doki. Akwai ɗacin rai a cikinta, kamar na mutumin da ya ga abokin gaba ya yi masa ɓarna a gida.

Bulus ma, a 1 Tasalonikawa 4:13, bai tsaya a kan "kada ku yi baƙin ciki" ba. Ya ƙarasa zancen: kada ku yi irin na waɗanda ba su da bege. Mutane sukan yanke rabin ayar su kai wa mai makoki. Da aka jejjefi Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai tsanani, marubucin kuwa bai tsawata musu ko da kalma ɗaya ba.

To, yanzu mu koma tushen zancen. Ayar da rukunin farko suka fi riƙewa ita ce Irmiya 17:9, inda aka ce zuciya ta fi kome yaudara. Suna karanta ta kamar tana cewa "kada ka amince da abin da kake ji, ka amince da tunaninka". Wannan rabon aiki, wato kai na tunani, zuciya na ji, ba na Ibraniyawa ba ne. Kalmar da ake fassarawa zuciya ta fito fiye da sau 800 a Tsohon Alkawari, kuma da ita ake tunani, da ita ake ƙulla shawara, da ita ake tuna abu, da ita ake yanke hukunci. Sulemanu da ya roƙi hikimar shari'a, zuciya mai saurare ya roƙa. Yesu a Markus 7:21 ya ce daga zuciya ne mugayen tunani suke fitowa. Saboda haka Irmiya yana tuhumar mutum ne gaba ɗayansa, da tunaninsa, da nufinsa, da shauƙinsa. Mai ilimin tauhidi da ke zaune da littattafansa yana iya yaudarar kansa daidai da yadda mai kuka a gaban bagade zai iya. Na koyar shekaru da dama, na kuma ga hujjoji masu tsari da aka gina don a kare girman kai kawai. Ita wannan zuciyar ce kuma Maimaitawar Shari'a 6:5 ta ce a ƙaunaci Allah da dukanta, Karin Magana 4:23 ta ce a tsare ta don daga cikinta rai ke ɓuɓɓugowa.

Wani abu da zai yi miki daɗin koyarwa shi ne yadda Littafi yake ajiye motsin rai a cikin jiki. Mu da muke cewa farin ciki da baƙin ciki ba za mu sha wahalar gane wannan ba. A Ibrananci kalmar jinƙai ta fito ne daga kalmar mahaifa, tushe ɗaya da kalmar rahama da muke faɗa, wato irin abin da uwa ke ji game da ɗan da ta ɗauka. Fushi kuma a hanci yake: inda Fitowa 34:6 ta ce Allah mai jinkirin fushi ne, kalma da kalma cewa aka yi mai dogon hanci, wanda ba ya saurin huci. A Zabura 73:21 mai waƙar ya ce an soke shi a ƙoda. A Helenanci akwai wata kalma ta tausayi da aka ciro daga kayan ciki, ta fito sau 12, duka a Matiyu da Markus da Luka. Ita aka faɗa wa Yesu da ya ga taro kamar tumakin da ba makiyayi, ita aka faɗa wa Basamariyen nan da ya ga wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, ita aka faɗa wa uban da ya hango ɗansa ɓatacce tun daga nesa. Ki lura, kusan duk inda ta fito aiki ne ke biyo baya: ya warkar, ya ciyar, ya ɗaure rauni, ya sheƙa a guje. Firist da Balawe su ma sun ga mutumin nan a kwance, sun kuma san Shari'a fiye da Basamariye. Abin da ya raba su da shi, cikinsu bai motsa ba.

Inda na fi so ki daɗe da ɗalibanki shi ne Zabura. Waƙoƙi 150 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara. Wannan shi ne littafin sujadar Isra'ila, shi Yesu ya rera, shi ikilisiya ta gada. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe?" sau huɗu a ayoyi biyu. Zabura 44 ta ce wa Allah ya farka, don me yake barci. Zabura 137 ta ƙare da addu'ar ramuwa mai tayar da hankali, wadda masu wa'azi da yawa suke tsallakewa. Yawancin waƙoƙin kukan sukan juya a tsakiya ko a ƙarshe su koma yabo, amma Zabura 88 ba ta juya ba, kalmarta ta ƙarshe a Ibrananci ita ce duhu. Waɗanda suka tattara littafin ba su cire ta ba, ba su kuma liƙa mata ƙarshe mai daɗi ba. John Calvin, wanda ba a san shi da sakin fuska ba, a gabatarwar sharhinsa na Zabura a 1557 ya kwatanta littafin da fiɗar dukan sassan rai, don babu wani abu da mutum zai ji a ransa da ba a nuna shi a ciki ba.

Abin da ya raba wannan kuka da gunagunin da Isra'ilawa suka yi a jeji, wanda aka hukunta su a kansa, shi ne wa aka fuskanta. Masu gunaguni sun juya wa Allah baya suna zancensa a cikin alfarwansu. Mai zabura yana kallonsa yana faɗa masa. Ayuba ya faɗi maganganu masu nauyi ƙwarai, har ya la'anci ranar haihuwarsa, abokansa kuma suka yi ta kare Allah da tauhidi mai tsabta. A ƙarshe, a 42:7, Allah ya ce da abokan ne yake fushi, don ba su faɗi gaskiya game da shi kamar bawansa Ayuba ba. A ganina mafi kyawun aikin da abokan nan suka yi shi ne kwana bakwai na farko da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace.

Akwai kuma darasi a yadda aka tsara littafin Makoki, wanda aka yi bayan faɗuwar Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Surori huɗu na farko an jera su ne bisa haruffa 22 na Ibrananci, daga na farko zuwa na ƙarshe. Baƙin cikin da ya kai a ambaci uwaye suna dafa 'ya'yansu saboda yunwa, an zuba shi a cikin waƙa mai ƙa'ida. An ba shi cikakken fili, an kuma yi masa gaɓa kamar kogi, don jama'a su iya faɗinsa tare ba tare da ya tafi da su ba.

To daga ina ra'ayin cewa mai bi na ƙwarai ba ya girgiza ya shigo? Babban kaso daga falsafar Helenawa da Romawa ne, musamman ta 'yan Sitowa, waɗanda suka ɗauki sha'awa da tsoro da jin daɗi da baƙin ciki a matsayin cututtukan rai da mai hikima zai warke daga gare su. Ɗaya daga cikinsu, Efiktetus, ya ba da shawara cewa in kana sumbatar ɗanka ka tuna wa kanka mai mutuwa kake sumbata, don kada mutuwarsa ta dame ka. Wasu Kiristocin farko sun sha daga wannan rijiya. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ɗanɗana abin a jikinsa. Da mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya a 387, ya ba da labarin yadda ya danne hawayensa da ƙarfi, aka kuma hana ɗansa kuka, ya je jana'iza ya dawo ido a bushe, sai daga baya yana kwance shi kaɗai ya saki kukan a gaban Allah. Da ya manyanta, a littafi na 14 na babban aikinsa kan Birnin Allah, ya ƙi ra'ayin 'yan Sitowa a fili. Hujjarsa ita ce motsin rai yana bin ƙauna ne: abin da kake ƙauna shi kake marmari, shi kake tsoron rasawa, shi kake murnar samu, shi kake baƙin cikin rabuwa da shi. In ƙaunar ta miƙe, su ma sun miƙe. In ta karkace, sun karkace.

Wannan magana ta Agustin ita ce mabuɗin da nake ba ɗalibaina, kuma ita ce amsar tambayarki a dunƙule. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da mutum yake ji shaida ne game da abin da ya ɗauka da daraja. Shaida kuwa ana kiransa, a saurare shi, a yi masa tambayoyi, amma ba a ɗora shi a kujerar alƙali. Rukunin farko sun kori mai shaidar daga kotu, na biyu sun naɗa masa rawanin alƙali.

Ki duba yadda Allah da kansa yake yi. Da fuskar Kayinu ta ɓaci a Farawa 4, Allah bai ce masa ya daina jin abin da yake ji ba. Ya tambaye shi me ya sa ya husata, ya kuma gargaɗe shi cewa zunubi na fako a bakin ƙofa. Da Yunusa ya fusata don an yafe wa Nineba, sau biyu Allah ya tambaye shi ko daidai ne ya yi fushi. Fushin ne ya tona asirin annabin: ya fi jin zafin tsiron da ya yi masa inuwa ya bushe a kan birni mai mutane fiye da 120,000. Mai Zabura 42 da 43 ma haka yake yi wa kansa, sau uku yana tambayar ransa don me ya karai, sannan ya ce masa ya sa zuciya ga Allah.

Da wannan ne za ki gane abin da kan ɗaure wa matasa kai, wato yadda Littafi yake umartar abin da muke ganin ba a umarta. Ku yi farin ciki, ku yi kuka da masu kuka, kada ku ji tsoro, ku ƙi mugunta. Mutum ba ya murɗa murna kamar famfo, gaskiya ne. Amma yana iya zaɓar abin da zai zuba wa ido. Shi ya sa umarnin ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da dalili: kada ka ji tsoro, gama ina tare da kai. A Matiyu 6 Yesu bai ce "ku daina damuwa" ya yi shiru ba, ya ce a dubi tsuntsaye, a dubi furanni. Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa su yi farin ciki kullum, yana tsare ne, kuma a wasiƙar nan ɗaya ya ce da a ce abokin aikinsa Abafaroditas ya mutu, da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki, ya kuma ce yana rubutu da hawaye game da magabtan gicciye. A 2 Korantiyawa 6:10 ya haɗa su a numfashi ɗaya, masu baƙin ciki amma kullum suna murna. Duk wanda ya koya wa yara cewa farin cikin Kirista yana nufin fuska a sake koyaushe, munafunci yake koya musu bai sani ba.

Fushi ma haka. Markus 3:5 ta ce Yesu ya dube su da fushi, yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu. Afisawa 4:26 ta yarda ana iya fushi, amma ta sa masa wa'adi, kada rana ta faɗi a kansa. Yakubu 1:20 kuma ta yi kashedi cewa fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah. Ni dai abin da na lura, mafi yawan fushin da muke kira mai tsarki, in aka bincika, an taɓa mutuncinmu ne.

Za ki iya haɗuwa da ɗalibi mai kaifin kai da zai tambaya ko Allah kansa yana da motsin rai. Littafi ya ce Allah ya yi baƙin ciki a zuciyarsa a Farawa 6:6, ya ce zuciyarsa ta juya a cikinsa saboda Ifraimu a Yusha'u 11:8, ya ce zai yi murna da jama'arsa da waƙa a Zafaniya 3:17. Ya kuma ce ba ya sākewa, shi ba mutum ba ne da zai tuba. A 1 Sama'ila 15 duka biyun suna cikin sura ɗaya. Tsofaffin takardun shaidar bangaskiya, irin ta Angilikan ta 1571 da ta Westminista ta 1646, sun ce Allah ba shi da jiki ko gaɓoɓi ko sha'awace-sha'awace. Abin da suke karewa shi ne babu abin da ke afka wa Allah ya rinjaye shi, ba ya tashi da ɓacin rai yau gobe ya huce, ƙaunarsa ba ta hawa da sauka. Malaman tauhidi na ƙarni na 20, musamman bayan yaƙe-yaƙen duniya biyu, da yawa sun ga maganar ta yi sanyi, suka nanata cewa Allah yana shan wuya tare da mutanensa. Har yau ana muhawara. Abin da ba a muhawara a kansa shi ne Yesu: tun ƙarni na 2 ikilisiya ta ƙi masu cewa kamannin wahala kawai ya yi, majalisar Kalsidon a 451 kuma ta tabbatar shi cikakken Allah ne, cikakken mutum. Tashin hankalinsa a Getsamani, da kuka mai ƙarfi da hawayen da Ibraniyawa 5:7 ta ambata, na gaske ne.

Yanzu ga rukuni na biyu, kuma ba zan sassauta musu ba. Littafi cike yake da hawayen da ba su haifi kome ba. Saul ya ɗaga murya ya yi kuka a gaban Dawuda a 1 Sama'ila 24, ya ce Dawuda ya fi shi adalci, sura biyu gaba ya sāke fita farautarsa da mutum 3,000. Isuwa ya nemi albarka da hawaye. Yahuza ya yi nadama har ya mayar da kuɗin. Annabawan Ba'al 450 sun yi ta ihu da tsalle da tsaga jiki a Dutsen Karmel tun safe har yamma, ba wanda ya amsa, Iliya kuwa ya yi addu'a ta 'yan jimloli. A misalin mai shuka, irin da ya faɗa kan dutse shi ne wanda ya karɓi maganar nan da nan da farin ciki, wutar kara ke nan. A ɗaya gefen kuma Eli ya ga leɓen Hannatu na motsi ya zaci ta bugu, Mikal ta ga Dawuda na rawa a gaban akwatin alkawari ta raina shi. Duba daga waje yana ruɗin mutum ta kowace fuska.

Wanda ya fi kowa zama a kan wannan matsala shi ne Jonathan Edwards, fasto a Northampton ta Amurka, wanda ya ga babbar farkawar shekarun 1730 da 1740 da idonsa, mutane na faɗuwa suna kururuwa, wasu malamai na cewa hauka ne, wasu na cewa duk aikin Ruhu ne. A 1746 ya fitar da littafi a kan shauƙin addini. Ya tsaya kai da fata cewa addinin gaskiya, babban ɓangarensa, shauƙi ne mai tsarki, mutumin da sanin Allah bai taɓa motsa shi ba bai san shi ba tukuna. Sannan ya jera abubuwa 12 da ba sa tabbatar da kome ko ta wane gefe, cikinsu har da ƙarfin abin da aka ji, da girgizar jiki, da yawan zancen addini, da ayoyi su riƙa faɗo wa mutum a rai. Ya kawo alamu 12 na gaske, wadda ya fi ba nauyi kuwa ita ce ta ƙarshe, halin rayuwa. Bulus ya riga shi a 2 Korantiyawa 7:10-11, inda ya raba baƙin ciki irin na Allah da na duniya ta wurin abin da kowanne ya haifar.

Ana yawan ba da labarin John Wesley, yadda a daren 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ana karanta gabatarwar Martin Luther ga wasiƙar Romawa, ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi. Ba a cika ƙarasa labarin ba. Shi da kansa ya rubuta cewa ba da son ransa ya je taron ba, kuma ba a jima ba tunani ya zo masa cewa wannan ba bangaskiya ba ce, don ina murnar take? Sai ya koyi cewa Allah yakan ba da irin wannan murna ko ya hana yadda ya ga dama.

Wannan zai amfani ɗalibanki masu shiru-shiru, waɗanda suke tsaye a sujada kowa na kuka su ba su ji kome ba, su koma gida suna zaton Allah ya tsallake su. Halittar mutane ba ɗaya ba ce. Manyan masu bi kuma sun bi ta fari mai tsawo: Luther ya sha fama da matsananciyar fargaba, Yohanna na Gicciye a Sifen ta ƙarni na 16 ya yi rubutu kan duhun daren rai, Charles Spurgeon ya yi ta fama da baƙin ciki mai nauyi, musamman bayan 1856 da wani ya yi ihun gobara ta ƙarya yana jagorantar sujada, mutum 7 suka mutu a turmutsutsu, yana ɗan shekara 22. 1 Yahaya 3:20 ta ce in zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma. Ki kuma tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19, da ya roƙi mutuwa a gindin itace. Kafin a yi masa wata magana, an bar shi ya yi barci, an ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Wani baƙin cikin na jiki ne. In kin ga ɗalibi ya shafe makonni ba ya barci, ba ya ci, ya janye daga mutane, ko yana zancen kashe kansa, ki yi masa addu'a ki kuma tabbata ya ga likita, ki sanar da babban da ke kula da shi. Kada ki tsaya jiran ya "ƙara bangaskiya".

Saura batun koyarwa kanta. Agustin ya ɗauko daga masanan balaga na Roma cewa mai magana yana da aiki uku, ya koyar, ya faranta, ya motsa, ya kuma ce koyarwar ce tilas. Ya ba da labarin wa'azin da ya yi a Kaisariya ta Muritaniya wajen 418, garin da mutanensa suka saba rabuwa gida biyu kowace shekara suna jifan juna da duwatsu har a mutu. Ya ce da suka yi masa tafi bai ɗauka ya yi kome ba, sai da ya ga hawaye. Hujjarsa ta ƙarshe kuwa ba hawayen ba ne: ya rubuta cewa shekara takwas ko fiye sun wuce ba a sāke yin faɗan ba.

Tsarin Nehemiya 8 shi nake bi. Ezra ya karanta Shari'a daga safe zuwa tsakar rana, Lawiyawa suka bayyana ma'anarta, jama'a suka fashe da kuka, aya ta 12 kuma ta ce suka tafi suna babbar murna domin sun fahimci maganar. Fahimta ce ta haifi kukan da murnar. Haka almajiran hanyar Imuwasu, zuciyarsu ta yi zafi ne yayin da ake buɗe musu Littattafai. Gwajin da nake yi wa kaina kafin in tsaya gaban aji shi ne: in na cire kiɗan da ke tashi a hankali, da labarin ban tausayi, da sauya murya, akwai abin da ya rage a nassin da zai iya motsa mutum? In akwai, kayan nan hidima suke yi masa, ba laifi. In babu, ina wasa da hankalin mutane ne, matasa kuwa sun fi kowa saurin kamuwa, sun kuma fi kowa ɗacin rai ranar da suka gane an juya su. Akasin haka ma laifi ne. Malamin da zai karanta labarin gicciye da muryar mai karanta sanarwa ya koyar da cewa abin ba shi da nauyi, ko da kowace kalmarsa daidai ce. Bulus a 1 Korantiyawa 14 ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da hankali, a sura ɗaya da ya ce a yi kome bisa tsari.

A aji, in kuna karanta labari, ki riƙa tambayarsu me wannan mutum ya ji, me abin da ya ji ya nuna yana ƙauna, ina kuma ya kai shi. Ki gwada da Bitrus da Yahuza a dare ɗaya. Ki sa su rubuta zaburarsu ta kuka bisa tsarin Zabura 13: kiran Allah, faɗin abin da ke ciwo ba ɓoye-ɓoye, roƙo, sannan abin da suka sani game da shi. Kada ki tilasta wa kowa ya karanta tasa a fili.

Ita kuwa yarinyar, kada ki kai mata duk wannan yanzu. Ki je ki zauna kusa da ita, ki bar ta ta ba ki labarin mahaifinta, in ta yi kuka ki bar ta. In ta nemi ki karanta mata wani abu, Yahaya 11 ta isa. Bayan wata biyu ko uku, lokacin da masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ki sāke komawa.